Rasuwar Uwargida Baukje Tjepkema da Makomar Filin Bayan Coci

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji Mai rayawa Mai kashewa, Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara ta ƙauyen Idsewier da ke Lardin Friesland, a madadin shugabanta da 'yan kwamitinta da dattawanta da masu sharar ƙanƙara da iyayen yara baki ɗaya, ta samu labarin rasuwar Mai Girma Uwargida Baukje Tjepkema, tsohuwar Magajiyar Garin wannan ƙaramar hukuma, tsohuwar Shugabar Hukumar Ruwa ta yankinmu, tsohuwar 'yar Majalisar Dokokin Lardi, mai riƙe da lambar yabo ta Mai Martaba Sarki, kuma Uwar wannan Ƙungiya, wadda Allah Ya yi wa rasuwa a gidanta na gona da ke bayan coci a ƙarshen watan Nuwamba, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara tamanin da uku a duniya.

Muna sane da cewa wannan saƙo ya makara, domin an riga an kai marigayiya makwancinta jiya, kuma muna neman afuwar iyalanta da sauran jama'a a kan haka. Dalili shi ne, abin da kwamiti ya fara rubutawa aka kawo mini in sa hannu, a matsayina na kakakin ƙungiya, layi huɗu ne kacal, irin wanda za a iya liƙa wa sunan kowace mace da ta mutu a ƙasar nan, ni kuwa na ce ba zan sa hannu ba. Na bar makaranta tun ban iya ɗaure igiyar takalmi sosai ba, ba ni da kalmomin masu digiri, amma na san ba a sallamar mace irin wannan da layi huɗu. Jaridar lardi ma da ta ba ta shafi guda cur, ta lissafa muƙamanta tun daga na farko har na ƙarshe, ba ta ambaci sunan wannan ƙungiya ko sau ɗaya ba. Mun karanta, mun kuma ajiye.

Bana shekara ce da ƙasar nan ba za ta manta da ita da wuri ba. Mun ga farin da ya sa koguna suka janye har ƙasan jiragen kaya na gogar yashi, mun ga manoma sun rataye tutar ƙasa a kife don nuna fushinsu daga wannan gada zuwa waccan, mun ga tsadar gas ta sa tsofaffi suna zama cikin gidajensu da rigar sanyi biyu, sannan kusan kowane wata sai an tashe mu da labarin rasuwar wani babba, ko ɗan siyasa, ko mawaƙi, ko ɗan wasa, ko mai gabatar da shiri a talabijin. Duk muna yi musu fatan samun hutawa. Sai dai waɗancan a akwatin talabijin muka san su. Wannan kuwa tamu ce, mun san ƙarar kekenta tun kafin ta karyo kwanar gidan burodi.

Marigayiya ta riƙe kujerar Magajiyar Gari a lokacin da ba a saba ganin mace a kanta ba a wannan yanki, kuma da yawa daga cikin mazan da suka cika coci jiya suna share hawaye, su ne waɗanda suka ce ba za ta kai hunturu biyu ba. Ta kai kusan ashirin. A zamaninta ne aka so rufe makarantar firamaren ƙauyen nan saboda ƙarancin yara, ta hau keke cikin ruwan sama ta bi gidajen gona ɗaya bayan ɗaya tana roƙon iyaye kada su kai 'ya'yansu birni, har adadin ya cika, makarantar kuma tana nan a buɗe har gobe. A zamaninta ne aka dawo mana da motar bas ta safe bayan an soke ta. Kuma lokacin da aka haɗe ƙaramar hukumarmu da wasu guda uku, aka kwashe ofishin aka kai inda sai ka canza mota biyu kafin ka isa, ita kaɗai ce ta tsaya a gaban manya ta ce musu an yi kuskure. Ba su saurare ta ba, kamar yadda ba sa sauraron kowa, amma ta faɗa.

Bayan nan ta shugabanci Hukumar Ruwa, wadda duk wanda ke kwana a ƙasan tsayin teku irinmu ya san ta fi kowace ma'aikata muhimmanci, ko da yake ba wanda ke tunawa da ita sai ranar da ruwa ya taɓo masa dokin ƙofa. Ita ta matsa aka ƙara wa ganuwar tafki tsayi, alhali rabin masu gonakin bakin tafkin suna zaginta saboda an ci musu ƙasa. Shekarar da aka yi ruwan da ya cika kowane rami a lardin nan, ganuwar ta riƙe, kuma ban ji ko ɗaya daga cikin masu zagin ya je ya ce mata sannu ba. Ko a bana, da tsufanta da sandarta, sai da ta taka har gadar da matasan manoma suka tare da taraktocinsu, ta zauna da su, ta sha gahawarsu, ta ce musu: “Ina tare da ku a maganar gonakinku, amma tutar nan, idan kun gama fushin, ku sauke ta ku wanke ta, kakanku ne ya saye ta.” Sun yi dariya, ba su sauke ba a ranar, amma jiya da taraktoci suka raka gawarta, tutar kuma a daidai take.

Mu kuwa a wannan ƙungiya, abin da muka fi saninta da shi shi ne filin bayan coci. Makiyayar shanun gidansu ce, gadon mijinta marigayi, kuma tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu karanta wannan saƙo, a nan ƙungiya ke sakin ruwa duk hunturu, ruwan ya kwanta a kan ciyawa, idan sanyi ya zo ya daskare, yaran ƙauye su koyi zamiya suna tura kujerar kicin a gabansu don kada su faɗi. Amfanin filin shi ne rashin zurfinsa. Idan ƙanƙara ta fashe da yaro a nan, gwiwarsa kawai za ta jiƙe, ya koma gida uwarsa ta yi masa faɗa. Idan babu filin, ba fasa zamiya yaran za su yi ba, kowa ya san haka, babban mashigin ruwa za su nufa, inda zurfin ya shanye mutum biyu a tsaye. Akwai gidaje a ƙauyen nan da suka san abin da nake nufi, ba sai na kama suna ba.

Ba a taɓa biyan ko sisi a kan filin nan ba, ba a kuma taɓa rubuta komai ba. Al'adar ita ce, duk shekara idan an shigar da shanu rumfa, Sarkin Ƙanƙara na ƙungiya ya je gidan da kansa, ya shiga ta ƙofar baya, ya cire hularsa, ya roƙi filin na hunturu ɗaya tak. Ba a sakin ɗigon ruwa sai mai gida ya amsa da bakinsa. Ni, Lieuwe Bangma, ni ne Sarkin Ƙanƙara, don haka ni na yi ta yin wannan roƙo, kuma ba zan ɓoye wa jama'a abin da duk suka sani ba: ni da marigayiya ba ma ga maciji. Tana Magajiyar Gari ta aiko 'yan sanda suka kori mutane daga kan tafki ana gab da fara gasar da muka yi mako muna shiryawa, bayan ni da kaina na huda ƙanƙarar na auna kaurinta na ce za ta ɗauki nauyinsu. A gaban baƙi daga ƙauyuka bakwai aka yi mini wannan. Washegari aka yi ruwan sama komai ya narke, don haka ba wanda zai iya cewa ga mai gaskiya, sai dai ni na sani. Ƙungiya ta daɗe da yafewa, amma ƙungiya ba ta taɓa cewa ƙanƙarar ba za ta ɗauka ba, kuma ba yau za ta fara ba.

Duk da haka, kowace shekara na je, kowace shekara kuma ta karɓe ni. Takan ce, “Bangma, ka zo? Zauna kada ka ɗiga mini ruwa a daɓe.” Ta zuba mini gahawa, ta buɗe gwangwanin biskit in ɗauki ɗaya, ta rufe. Sai na roƙa da bakina take amsawa, ba ta taɓa sauwaƙe mini ba, ba ta kuma taɓa hana ni ba. Takan ce, “Ruwan naku, ciyawar tawa. Ku maido mini da ita a watan Maris.” Wata shekara na ce mata, “Ranki ya daɗe, tunda kin san abin da ke kawo ni, me zai hana ki amsa sau ɗaya mu huta?” Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “In na amsa sau ɗaya, wa zai riƙa zuwa yana ɓata mini rai?” A shekarun nan da hunturu ya lalace, muna sakin ruwa ya yi wata uku bai daskare ba, mutane na yi mana dariya suna cewa agwagi muke yi wa hidima, har wasu cikin kwamiti suka ce a daina wahalar banza, ita ce ta aiko musu da cewa wanda bai jiƙa fili ba, ranar da sanyin zai zo a kan ciyawa zai yi zamiyarsa.

Bana na je kamar kullum, aka ce tana kwance, in dawo idan ta ji sauƙi. Ba ta tashi ba. Ta rasu ba ta amsa ba, filin ya koma hannun ɗanta, Injiniya Rienk Tjepkema, wanda ya daɗe da barin ƙauyen yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, sannan masu hasashen yanayi suka fara cewa iskar gabas na tafe da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san idan sanyi ya riga ruwa isa fili, bakin magudanar da ake sakin ruwan ya daskare, an rasa shekarar ke nan. Kuma ba sirri ba ne cewa wani kamfanin gine-gine ya daɗe yana zagaya filin nan yana auna shi da ido.

Kwamiti ya zauna ya yanke cewa a yi shiru. A ƙauyen nan ba a zuwa gidan makoki da buƙata, ba a roƙon mai makoki ko allura sai ya yi makonni yana hutawa, haka muka taso muka tarar, ni ma haka aka koya mini. Shugaban ƙungiya ya ce gara a rasa hunturu ɗaya da a ce ba mu da kunya. Muka yi shiru. Muka wuce gidan muna sunkuyar da kai, muka aika da furanni, ba wanda ya ambaci fili.

Jiya, bayan an fito daga maƙabarta, aka taru a zauren ƙauye aka yi layin gaisuwa, kowa ya miƙa wa iyalan hannu ya wuce wajen gahawa da yankan kek. Ina cikin layin ne na hango wani mutum da baƙar kwat mai tsada, wanda ba ɗan coci ba ne ba kuma dangi ba, yana tsaye a gefen Injiniya Rienk yana raɗa masa magana kamar ɗan gida. Na tambaya aka ce wakilin kamfanin nan ne, kuma ba zuwansa na farko ke nan ba tun da aka yi rasuwar. Ashe mu da muke da kunya muna waje, wanda ba shi da ita yana ciki. Da layi ya zo kaina, na miƙa hannu na yi gaisuwa kamar kowa, sannan na cire hulata na riƙe a ƙirji, na ce, “Rienk, na zo roƙon filin bayan coci na hunturu ɗaya.” Shugaban ƙungiya yana bayana yana jan gefen rigata yana cewa, “Lieuwe, ka haukace ne? A nan?” Na ce masa ya sakar mini riga, ba shi ya saya mini ba.

Ƙungiya tana so jama'a su ji amsar Injiniya Rienk yadda ya ba da ita, domin an riga an fara juya ta a kantin sayar da nama. Ya dube ni ya ce, “Kawu Lieuwe, ai na ɗauka kun daina ne. Tun da na iso ba wanda ya ce mini uffan a kan filin nan. Na ce wa matata, ga shi ƙanƙara ta daina zuwa, ƙungiyar ma da alama ta mutu, kowa kunyar faɗa mini yake ji.” Na ce masa, “Ɗana, kunyarka muke ji, ba mutuwa muka yi ba. Ka daɗe a birni har ka manta yadda mutanenku ke yin shiru.” Ya ce, “To da ba ka yi magana yau ba, ranar Litinin zan zauna da waɗancan.” Jama'a su ji da kyau: ladabinmu ne ya kusa sayar da filin nan, ba kwaɗayin yaron ba. Waɗanda ke cewa na ci mutuncin makoki, suna da 'yancin faɗa, gidana kuma ba ɓoyayye ba ne, su zo su faɗa mini a ido.

Injiniya Rienk bai yi mana alkawarin har abada ba, mu ma ba za mu ƙaga masa abin da bai faɗa ba. Ya ce gidan gona da filin nauyi ne a wuyansa, yana da 'yar'uwa da dole ya yi shawara da ita, kuma bai san abin da shekaru masu zuwa za su kawo ba. Ya ce mutanen da ke neman gidajen zama ma ba maƙiyan kowa ba ne, akwai matasan ƙauyen nan da suka yi aure suna kwana a ɗakin saman iyayensu, kuma a kan wannan ban musa masa ba, don jikana na cikinsu. Amma ya ce bana filin namu ne, baɗi kuma in sake zuwa in roƙa, a yi magana. Na ce masa ni da tsufan nan ba zan hau jirgin ƙasa zuwa Rotterdam da hula a hannu ba. Ya yi dariya, hawaye na zubo masa, ya ce, “Kai dai Kawu ba ka canza ba. Ni zan zo, ka same ni a kicin.” Ƙaramar 'yarsa, wadda aka ce a ɗakin wasa mai rufi kaɗai ta taɓa taka ƙanƙara, ta tambaye ni ko da gaske ne ana ganin ciyawa a ƙarƙashin ƙafa idan ana zamiya a nan. Na ce mata ta dawo ta gani da idonta.

A bisa wannan, ƙungiya tana sanar da jama'a cewa yau da safe, a gaban shugaba da 'yan kwamiti, waɗanda duk suka zo har da masu fushi, Injiniya Rienk Tjepkema ya murɗa ƙofar ruwan da hannunsa, da takalmin da ya je jana'iza da shi a ƙafa domin bai zo da na taɓo ba. A lokacin da nake rubuta wannan, ruwa ya rufe ciyawar kusurwar coci yana tafiya gabas. Muna roƙon duk mai ƙarfi a jika ya fito ranar Asabar da tsintsiya da shebur a gyara gefen filin, a kafa fitilu, a kuma wanke rumfar da ake sayar da koko mai zafi da miyar wake, wadda ɓeraye suka mayar gidansu. Iyaye su sauko da takalman zamiya daga saman rufi, su kai a wasa musu ƙarfen ƙasansu, wanda na ɗansa ya matse ya kawo a yi musaya. Kada kowa ya taka filin sai an ga na kafa tuta, kuma duk yaron da na kama a kan babban mashigi, ni da kaina zan kai shi gaban uwarsa da kunne a hannuna.

Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara ta Idsewier tana miƙa ta'aziyyarta ga Injiniya Rienk Tjepkema da maiɗakinsa da 'ya'yansu, da 'yar'uwarsa da iyalinta, da dukan dangi na kusa da na nesa, da Mai Girma Magajin Gari mai ci da majalisarsa, da Shugaba da ma'aikatan Hukumar Ruwa, da Fasto da dattawan coci, da ɗaukacin mutanen wannan yanki da suka yi rashin uwa. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya karɓi baƙuncinta, Ya ba ta hutawa bayan doguwar hidima, Ya yafe mata kurakuranta, Ya ba iyalanta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi, Ya kuma haɗa kansu a kan abin da ta bari. Muna kuma roƙonSa, idan Ya ga dama, Ya tsayar da iskar nan a gabas, Ya sauko mana da sanyin da aka ce yana tafe. Mu dai mun yi namu, ruwa ya shiga fili.

Sa hannu:
Lieuwe Bangma,
Sarkin Ƙanƙara kuma Kakakin Ƙungiyar Zamiyar Ƙanƙara ta Idsewier,
Lardin Friesland.